Ƙabilun Wakanda a Ma'aunin Agadas: Me Ke Haɗa Kan Mayaƙa, Me Ke Raba Su?

  

Maganar da za mu yi yau a kan fim ce, fim ɗin ma irin wanda manya ke kira wasan yara: labarin jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, wanda harsashi ba ya huda rigarsa. Na san a cikinku akwai mai cewa, garin da ke fama da tsadar hatsi da lalacewar hanya, ina ruwansa da wannan? Ruwansa shi ne samarinmu da ƴan matanmu sun riga sun kalla, a wayoyinsu da gidajen kallo, kuma daga irin waɗannan fina-finai ne da yawansu ke fara koyon yadda ake fassara rikici: wa ke faɗa da wa, a kan me, kuma me ya sa wane ya bi wane. Fim ɗin da na zaɓa shi ne Black Panther, wanda Ryan Coogler ya ba da umarninsa, ya fito a watan Fabrairu na 2018, ya tara sama da dala biliyan ɗaya da miliyan 300, ya kuma ci lambobin Oscar uku. Abin da nake so in tabbatar muku guda ɗaya ne. Fim ɗin ya iya bayyana ciwon da ke cikin zuciyar mutum ɗaya, amma da ya zo kan jama'a, sai ya ba su tufafi ya hana su dalili. Kuma mutanen Agadas, saboda tarihin garinsu, sun fi yawancin masu kallo cancantar gane wannan giɓi.

Ga wanda bai kalla ba, labarin a taƙaice shi ne: Wakanda ƙasa ce ta ƙage a Afirka, wadda wani dutse ya faɗo mata daga sama ɗauke da ƙarfe mai ban al'ajabi da ake kira bibraniyom. Ƙabilu biyar suka yi ta yaƙi a kansa, har wani jarumi ya haɗa kan huɗu ya zama sarki. Ta biyar, Jabari, ta ƙi mubaya'a ta haye duwatsu. Huɗun da suka bi sarki su ne masu tsaron iyaka, mutanen kogi, masu haƙar ma'adini, da fatake. Ƙasar ta ɓoye arzikinta, ta bar duniya tana ɗaukarta matalauciya. Bayan rasuwar Sarki T'Chaka, ɗansa T'Challa ya hau gado, sai ga wani ɗan baffansa, Killmonger, wanda ya girma a Amurka, ya zo ya ƙalubalance shi bisa al'ada, ya kayar da shi, ya jefa shi ruwa har aka ɗauka ya mutu, ya karɓi sarauta, ya ba da umarni a aika da makaman Wakanda ga baƙar fatar da ake zalunta ko'ina a duniya. Daga nan ƙasa ta rabu, aka yi yaƙin basasa na yini guda.

Mu fara da inda fim ɗin ya yi gwaninta, domin adalci. Killmonger ba mugu ne daga sama ba. An nuna mana shekarar 1992 a birnin Oakland, inda Sarki T'Chaka ya kashe ƙanensa N'Jobu da hannunsa, ya bar yaron marigayin a can, maraya, don kada asiri ya tonu. Duk abin da yaron nan ya zama daga baya yana da tushe: ya tashi cikin talauci da wariya alhali yana sane da cewa danginsa na zaune a kan dukiyar da za ta iya ceton miliyoyi, ya shiga sojan Amurka ya koyi sana'ar rusa gwamnatoci, ya dawo da ita gida. Mai kallo na iya ƙin hanyarsa, amma ba zai ce bai fahimce shi ba. Haka Okoye, shugabar dakarun mata masu tsaron sarki: tana ƙaunar T'Challa, amma ta yi rantsuwa ga gadon sarauta ne, ko wa ke kai, shi ya sa ta ƙi gudu tare da iyalinsa, kuma ba ta juya wa sabon sarki baya ba sai da ta ga T'Challa da rai, ta gane cewa ba a kammala karawar bisa ƙa'ida ba. Wannan dalili ne cikakke, wanda duk wanda ya san zaman fada ya san irinsa. W'Kabi ma, jagoran masu tsaron iyaka, an ba shi nasa ciwon: wani ɗan fashi mai suna Klaue ne ya yi sanadin mutuwar iyayensa, T'Challa ya yi alkawarin kawo shi ya kasa, Killmonger kuma ya ajiye masa gawar a gabansa. Tun kafin nan an ji shi yana cewa ba ya son ƴan gudun hijira su shigo, amma in fita yaƙi ne waje yana so. Mutum uku, dalili uku, kowanne a tsaye da ƙafafunsa.

To, amma yaƙi ba mutum uku ke yin sa ba. A nan ne nake so mu ɗauko ma'auninmu na gida. Sarautar Abzin, wadda fadarta ke kusa da babban masallacin nan mai hasumiya ta mita 27, ta kafu ne a farkon ƙarni na 15, kuma ruwayar baka ta ce ƙabilun Abzinawa ne da kansu suka nemi a naɗa musu wanda ba na kowa ba a cikinsu, don ya raba musu gardama; har ruwayar ta kai asalinsa Santambul. Ko mutum ya yarda da wannan ɓangare na ruwayar ko bai yarda ba, ma'anarta a fili take: sarki a nan alƙali ne tsakanin masu ƙarfi, kuma masu ƙarfin nan sun sha tuɓe sarki su naɗa wani idan suka ga ya karkata. Me suke gardama a kai? Rijiyoyi, makiyaya, da hanyar ayari. Kel Owey sun riƙe zirga-zirgar gishiri da dabino daga Bilma da Fachi zuwa ƙasar Hausa, su dawo da gero da tufafi daga Damagaram da Kano. Kel Geres, bayan doguwar takaddama da su, sun gangara kudu wajen Adar da Gobir a ƙarni na 18, amma ba su fita daga harkar gishirin ba, ba su kuma daina sa baki a naɗin sarki ba. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso garin nan a 1850, ya tarar ana naɗin Sarki Abdulƙadir, kuma abin da ya lura da shi shi ne irin wannan ja-in-ja na ƙabilu a kewayen gadon sarauta. Daga wannan tarihi muna iya ciro tambayoyi uku da za mu yi wa kowace ƙungiya a kowane rikici: da me take ci? Me za ta rasa idan abu ya juya? Wa take bukata ko da ba ta son sa? Wanda ya amsa ukun nan ya bayyana ƙawance. Wanda bai amsa ba ya nuna mana taron mutane ne kawai.

Mu ɗora fataken Wakanda a kan wannan ma'auni, domin su ne suka fi kusa da mu. Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin fim ɗin kuma ta ci Oscar a kansu, ta bayyana cewa daga Abzinawa ta ɗauko kamannin wannan ƙabila: rawani, shuni, da adon azurfa. Ta yi aiki mai kyau, ido ya ƙoshi. Amma a cikin fim ɗin an faɗa ƙarara cewa Wakanda ba ta ciniki da ƙasashen waje, ba ta kuma karɓar taimako. To fatake a ƙasar da ta rufe ƙofa, da wa suke fatauci? Idan akwai ƙabilar da ya kamata ta fi kowa zafi a gardamar buɗe ƙasa ko rufe ta, ai ita ce. Ko dai su ne kan gaba wajen neman a buɗe don kasuwarsu ta faɗaɗa, ko kuma su ne masu cin ribar sirrin, waɗanda buɗewa za ta karya musu farashi. Kowanne aka zaɓa, da labarin ya yi nauyi. Abin da muka samu shi ne wata dattijuwa a majalisa da ta yi gargaɗi sau ɗaya cewa ƙasa sarki take bukata ba mayaƙi ba, shi ke nan. Abin takaicin ma, shi kansa rawanin shunin da aka aro shaidar ciniki ne: turkuɗin da Abzinawa ke naɗawa a Kura ta ƙasar Kano ake rina shi a buga shi tun zamanin kakanni, raƙumi ya kawo shi nan. An ɗauki amfanin fatauci an bar fataucin da ya haife shi.

Masu haƙar ma'adini ma haka. Ƙasar duka a kan guminsu take zaune. Sabon sarki ya ce a loda abin da suke haƙowa a jirage a raba wa duniya, ya kuma ƙone gonar tsiron da ake shayar da sarakuna, amma ba mu ji bakinsu ba. A jihar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ba sai an gaya wa kowa cewa wannan shiru ba na gaskiya ba ne. Tambayar wa ke haƙa, wa ke sayarwa, wa ke shan ƙurar, kuma nawa ke komawa ga mutanen wurin, tana cikin ƙorafe-ƙorafen tawayen shekarun 1990 da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995, ta kuma sake fitowa a bakin ƙungiyar ƴan tawaye ta MNJ daga 2007 zuwa 2009. Ban kawo wannan don in ba wani gaskiya ba. Na kawo ne don in nuna cewa inda duk akwai ma'adini mai tsada, mutanen ramin suna da ra'ayi. Sannan ga masu tsaron iyaka, waɗanda suka fito da ɗaruruwan mayaƙa da karkanda suka auka wa ƴan uwansu. Mun san abin da ke ci wa W'Kabi rai. Amma shi wancan saurayi na sahu na uku, wanda Klaue bai kashe masa kowa ba, me ya sa ya ɗaga takobi kan dakarun sarki? Fim ɗin ya ɗauka cewa idan jagora ya yi fushi, ƙabila duka ta yi fushi. Ruwa ba ya tsami banza. Alhali dalilin yana nan kusa, an bar shi: su ne waɗanda aka ajiye a bakin iyaka suna kwaikwayon talauci a gaban baƙi, suna kiwo cikin bargo, yayin da mutanen birni ke hawa jirgin ƙasa mai gudu a kan iska. Jimla biyu daga bakin ɗayansu kan wannan da sun isa su mayar da yaƙin abin fahimta.

Ƙabila ɗaya ce ta kusa cin jarrabawar, wato Jabari. An gaya mana me ya raba su da sauran, an ji jagoransu M'Baku yana ƙorafin cewa an damƙa fasahar ƙasa a hannun yarinya mai raina al'ada, an kuma ji shi yana tuna wa T'Challa cewa an yi ɗaruruwan shekaru wani sarki bai taka ƙasarsu ba. Da T'Challa ya kayar da shi a karawarsu ta neman sarauta ya bar shi da ransa, sai ya zama akwai bashi, kuma M'Baku ya biya ta hanyar ceton sa daga ruwa. Da ya biya, ya ce ba sauran komai, ba zai ba da mayaƙi ko ɗaya ba. Wannan hali ne na mutanen da aka daɗe da mantawa da su, kuma an rubuta shi da basira. Amma ko a nan, a daidai wurin da ya fi muhimmanci, aka rufe mana labule. T'Challa ya yi masa gargaɗi cewa idan Killmonger ya gama da ƙasa, duwatsu zai hauro. Daga nan ba mu sake ganin Jabari ba sai da suka faɗo fagen fama ana tsaka da wuya. An sayar da bayani don a sayi mamaki. Shawarar da dattawansu suka yi a daren nan, wa ya ce a je, wa ya ce a zauna, me za a nema a madadin jinin da za a zubar, ita ce ainihin labarin ƙawancen, kuma ita ce ba a nuna ba.

Ku kwatanta da abin da ya faru a garin nan daga Disambar 1916 zuwa Maris na 1917, lokacin da Kawsan, jagoran mayaƙan Abzinawa, ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya. Idan aka ba da labarin da salon fim, jarumi ne ya taso daga hamada, jama'a suka bi shi. Amma tarihi ya fi haka yawa. Kawsan ya zo da bindigogi da igwa daga Fezzan ta hannun ƴan ɗariƙar Sanusiyya, waɗanda su ma ke da nasu yaƙin da Italiya da Faransa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko. Sarkin Abzin Tagama ya buɗe masa ƙofa daga ciki, bayan Faransawa sun ɗauka nasu ne. Makiyaya da yawa sun shiga ne bayan farin 1913 zuwa 1914 ya cinye musu dukiya, ga haraji, ga ƙwace raƙuma don aikin soja, ga ayari ya ja baya. Wasu kuma ba su shiga ba. Musa ag Amastan na Ahaggar ya ƙare a ɓangaren Faransawa. Su ma Faransawan sai da suka nemi taimakon sojan Ingila daga Najeriya, abokan hamayyarsu na jiya. Bayan an karya ƙawanyar aka kashe malamai da mutanen gari, Abzin ta kusa zama kufai, Kawsan ya mutu a Fezzan a 1919, Tagama a kurkukun Agadas a 1920. Kowane ɓangare a nan yana da amsar tambayoyinmu uku. Wannan ne bambancin labarin da ke koyar da hankali da wanda ke tayar da jini kawai.

Yanzu ga masu ja da ni. Na farko zai ce, malam, nishaɗi ne, minti 134 ne, ba littafin tarihi ba. Na yarda fim ba ya ɗaukar komai. Amma fim ɗin nan da kansa ya zaɓi siyasa: ya kai mu gidan ajiye kayan tarihi a Landan ya tayar da zancen kayan da aka kwashe daga Afirka, ya kai mu dajin Sambisa, ya ƙare da jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya kira mu majalisa ba zai ce mana wasa yake ba idan muka yi tambaya. Kuma batun lokaci zaɓi ne: masu fim ɗin sun ɗauki wani zama da Okoye da W'Kabi ke gardama a kan makomar ƙasa, suka yanke shi, amma suka bar dogon tseren motoci a birnin Busan. Na biyu zai ce, ai tatsuniya ce, kuma a tatsuniya ƙabila alama ce kawai. To, alamar me? Idan fatake ba su tsaya wa ciniki ba, masu haƙa ba su tsaya wa aiki ba, ai ba su zama alamar komai ba sai launin riga. Na uku, wanda hujjarsa ta fi ƙarfi, zai ce ainihin gardamar fim ɗin tsakanin Afirka ce da ƴaƴanta da aka kwashe zuwa Amurka, don haka ƙabilun gefe ne. Gaskiya ne, kuma a wannan gardama fim ɗin ya taɓa zuciya. Sai dai ku duba sakamakon: Ba'amurken an ba shi tarihi da hujja, ƴan Afirkan kuma, ban da gidan sarauta, an bar su suna bin duk wanda ya ci kokawa. Wannan tsohon hoto ne da Turawan mulkin mallaka suka sha zanawa, cewa mu ƙabilu ne masu faɗa ba dalili, kuma bai kamata ya sulale cikin fim ɗin da ya zo don ya rusa shi ba.

Akwai kuma ƙawance ɗaya da ba a ma yi ƙoƙarin bayyanawa ba. Ross, jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, shi ne ya faɗa da bakinsa irin horon rusa ƙasashe da aka ba Killmonger, amma shi aka ɗora kan na'urar sarrafa jirgi ya harbo jiragen Wakanda, ba wanda ya tambayi me gwamnatinsa za ta nema gobe. Garin da aka gina sansanin jirage marasa matuƙi na Amurka a gefensa, aka yi shekaru ana gardama kan amfaninsa har sojojin suka fice a Agustan 2024, ya san cewa ƙasa ba ta da aboki kyauta. Abin sha'awa, kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2022 bayan rasuwar Chadwick Boseman, ɗan wasan da ya taka rawar T'Challa, ya ɗan gyara wannan. A ciki manyan ƙasashe na neman ƙarfen a fili, har an nuna sojojin haya masu jin Faransanci suna kai hari a Ansongo ta Mali, abin da ya sa ministan tsaron Faransa ya fito ya yi tir da fim ɗin a 2023. Sarkin wata ƙasa ta ƙarƙashin teku kuma ya nemi ƙawance da Wakanda ne don ƙasashen biyu na tsoron abu ɗaya. Wannan ya nuna cewa irin wannan fim yana iya bayyana maslaha idan masu shi sun so.

Hukuncina ke nan: Black Panther ya ci jarrabawa a kan mutum, ya samu rabi a kan Jabari, ya faɗi a kan sauran ƙabilu. Ba na cewa a daina kallo. Ina roƙon malaman makaranta su mayar da shi darasi: a kalla tare da ɗalibai, a raba su ƙungiyoyi, kowace ta ɗauki ƙabila ɗaya ta rubuta jawabin da wakilinta ya kamata ya yi a majalisa ranar da Killmonger ya hau gado, sannan a yi irin wannan aikin a kan 1916. Marubutanmu da masu shirya fim na nan da na Kano kuma, ranar da za su ɗauki labarin Kawsan ko na Sarauniya Mangu ta Lugu, kada su ƙyale kowace ƙungiya ta shiga fage sai sun san da me take ci, me take tsoron rasawa, da wa take bukata. Yaron da ya saba yin waɗannan tambayoyi a gaban allon fim zai yi su ranar da wani ya zo masa da bindiga da daɗin baki yana neman ya bi shi.